Rufin Kwanon Malam Mode

Malam Mode mai albasa bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, kuma a Boɗinga ta wancan zamani ba wanda ya ga abin magana a cikin haka. Ɗan fari abin jin kunya ne ga iyayensa. Ba a kiran sunansa, ba a zama ɗaki ɗaya da shi, ba a yi masa magana ido da ido. In abu ya kama dole, sai Malam Mode ya juya wajen katanga, ko wajen jakinsa, ya ce a gaya wa wancan yaron kaza. Matarsa Hasiya ma haka take yi, har ta fi shi tsanani. Ana yaye yaron aka kai shi Shagari wurin kakarsa Kande, mahaifiyar Malam Mode, can ya yi wayo. Sunansa Maniru.

Daga hannun Kande aka ɗauke shi aka sa a makarantar boko, lokacin da hakimi ke neman yaran da zai cika wa Bature aji. Kande ta yi kuka, ta yi zagi. Yaro kuwa kansa ya ɗauki karatu. Daga elementare sai midil a Sakkwato, daga nan Zariya, har ya dangana da jami'a a Ibadan, garin da fatakenmu ke ce wa Badun. A can ya zama mataimaki a ɗakin gwaje-gwajen wani Bature masanin maganaɗisu, wato mayen ƙarfen nan da ake tsintar allura da shi in ta faɗi cikin ƙasa.

Abin da Baturen nan yake bincike, in ka ji sai ka ce mutum ya rasa aikin yi. Wai duniyar nan da muke takawa ita kanta maganaɗisu ce babba, shi ya sa allurar kamfas ke kallon arewa. Wai kuma jan nata ba ya zama wuri ɗaya, yana ɗan gusawa tsakanin safe da yamma, yana girgiza in wani abu ya tashi a jikin rana. Ana saura 'yan shekaru Turawa su naɗe tabarmarsu, masana na ƙasashe da yawa suka yi shawarar su auna wannan motsi a ranaku guda, kowa a inda yake, a haɗa lissafi a gani. Baturen Maniru yana son wurin awo ɗaya a can arewa, nesa da jirgin ƙasa da injuna. Maniru ya ce ai in wannan ne, garinsu ya fi ko'ina dacewa.

Suka zo tare da kaka, ana yankan gero. Baturen ya zaga da kamfas, ya zaɓi wani tudu a gefen gonar Malam Mode ta hanyar Sifawa, nesa da titin mota da unguwar maƙera. Aka gina masa wani ɗan ginshiƙi na dutse da farar ƙasa, tsayinsa zuwa ƙirjin mutum, ya yini yana auna matsayinsa da rana da inda allura ke tsayawa a kansa. Ya ce a kan wannan ginshiƙi za a ɗora na'ura, nan kawai, domin duk awon da za a yi nan gaba da na yau za a gwada shi. Abin da ya rage shi ne a gina ɗaki a kewaye da ginshiƙin kafin bazara, lokacin da Maniru zai dawo shi kaɗai da na'urar. Duk yinin nan Malam Mode yana can nesa ƙarƙashin wani gawo, wai dammunan geronsa yake dubawa.

A ranar ce Baturen ya yi wa Maniru alkawari. In tashar Boɗinga ta ba da awo mai kyau, zai tura shi Ingila, ɗakin gwajin wani abokinsa, inda ake sanyaya ƙarfe da irin sanyin da babu shi a doron ƙasa. Ya ce akwai ƙarafan da in sanyi ya kai musu wani matsayi sai wutar lantarki ta bi cikinsu ba abin da zai tare ta, ta yi ta zagaye ba ta ƙarewa, har ma su ture maganaɗisu ya tsaya a iska bisa kansu. Maniru bai taɓa ganin haka da idonsa ba, a littafi kawai ya karanta, amma tun daga ranar ba abin da yake so a duniya kamar ya tsaya a ɗakin nan ya gani. Mataimakan Baturen suna da yawa, kujerar kuwa ɗaya ce.

Kafin ya tafi dole ya bar sallahu game da ɗakin. Tun da ba ya magana da ubansa, sai ya bi hanyar da aka saba, wato ƙanen uban, Ummaru tela. Ya same shi a rumfarsa ta kasuwa yana taka keken ɗinki.

"Baffa, ɗakin ƙasa nika so, da azara da ruhin ciyawa. Ƙohwa ta itace, a ɗaure da igiya. Ko ƙusa guda kar a sa, na'urag ga ba ta son ƙarhe."

"To, to, to," in ji Ummaru, ƙafarsa ba ta bar keke ba. "An gama. Tahi abinka."

Ummaru ba kurma ba ne, ya ji kowace kalma. Sai dai shi mutumin kasuwa ne, kuma ya san yadda ɗa mai tarbiyya ke roƙon ubansa abu. Ba ya cewa a ba ni babba, cewa yake yi ko ƙarami ma ya isa. Shi kansa duk wanda ya kawo masa yadi ya ce a ɗinka ko yaya ne, ya san aska takwas mutumin yake so. Don haka da ya je wurin wansa, sai ya isar da saƙon yadda ya ga ya dace.

"Yaya, yaron ga akwai kunya. Yac ce kak ka wahal da kanka, ko na ciyawa ma ya ishe shi. Wai ko ƙusa kak ka saya. Ka ga dai ya tausaya maka."

Maganar tausayin nan ita ta soki Malam Mode. Shekara da shekaru yana kallon yaron daga nesa, ko hula bai taɓa miƙa masa da hannunsa ba. Yana alfahari da shi ƙwarai, ba bakin faɗa. Yau ga shi an nemi abu ɗaya a wurinsa, kuma an nema a hankali kamar ana roƙon matsiyaci. Da albasar rani ta nuna, bai zuba ta a rudu ta jira tsada ba yadda ya saba, rudu kuwa ita ce bukkar karan da ake ajiye albasa ta sha iska. Ya sayar da ita ɗanya, ya hau mota zuwa Sakkwato, ya dawo da kwanon rufi bandir-bandir, da ƙusoshi, da kafinta. Ya sa ƙofar ƙarfe, ya sa wa taga sanduna, ya rataya kwaɗo mai girman tafin hannu.

A lokacin, in ka cire kotun alƙali da ɗakin shan magani, da wuya ka ga kwano a garin. Mutane suka yi ta zuwa kallo, har daga Sifawa da Dandin Mahe. Hakimi ya aiko wakilinsa ya sa albarka. In an yaba, Malam Mode sai ya ce ai ɗan abin da ya samu ne, ya kau da kai.

Maniru ya sauka daga mota bayan ƙaramar Sallah, zafi ya kai zafi, yana rungume da akwatin na'ura don bai yarda ɗan kamasho ya taɓa ba. Ba a bar shi ya sha ruwa da kyau ba aka ɗunguma da shi zuwa gona, Ummaru a gaba yana baza riga. Tun daga nesa ya hango wani abu a kan tudu yana kashe ido. Da suka matso ya gane ko mene ne, kwano ne aka rufa ɗakin da shi.

"To, ga ɗakin ciyawar taka," in ji Ummaru. Jama'a suka bushe da dariya.

Maniru ya waiwaya. Ubansa yana can bayan taro cikin wankakkiyar riga, ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha, wai shi ba ruwansa. Amma kowa ya san kunnensa yana nan. Maniru ya durƙusa, ya fuskanci Ummaru kamar yadda ya kamata, ya ce, "Baffa, a ce na gode. Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara girma." Aka shafa fatiha aka watse.

Washegari ya gwada, ko da yake ya riga ya san amsar. Na'urar ba wani abin tsoro ba ce. Akwati ne na katako da tagulla, a ciki wata 'yar allurar maganaɗisu tana rataye da siririn zare, da ɗan madubi manne a jikinta. Ta wani bututu mai gilashi ake leƙa madubin a karanta inda ta tsaya. Kafin ya shiga ya kwance bel ɗinsa, ya fitar da makullai da 'yar wuƙar fiƙe fensir, ya zuba su a ƙwarya can waje, haka aka koya masa. Aikin banza, tun da ga ƙarfe nan shimfiɗe bisa kansa. Allura ta karkace sosai daga inda Baturen ya same ta da kaka. Maniru ya ce bari ya auna girman karkatar, ya riƙa cirewa a lissafi. Da rana ta take, kwano ya ɗauki zafi ya fara ƙas-ƙas, allura ta ƙara gusawa, da la'asar kuma ta koma wani wuri daban. In ya buɗe ƙofa ta motsa, in ya rufe ta motsa. Ba yadda za a yi a raba motsin duniya da motsin kwanon Malam Mode. Ya zauna a ƙasa yana zufa, ɗakin ya zama tanda.

Ya koma rumfar Ummaru.

"Baffa, ai na hwaɗa maka ko ƙusa guda kar a sa."

"Ka hwaɗi, ban musa ba. To mi kaka so in yi? In tahi in ce ma yayana shi ruhe maka ɗaki da ciyawa kamar na akuya, alhali Bature ka zuwa wurin? Kai ɗan boko na, ba ka san mutane ba."

"To yanzu a hwaɗa mai a ɗebe kwanon."

Ummaru ya tsayar da keke. "A ɗebe? Bayan wakilin hakimi ya sa albarka? Mutumin ga albasatai duka yas saida ɗanya sabadda kai. Wallahi ba da bakina ba." Ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Wai Baturen naka yana ganin allurag ga daga Badun? Rubuta mai abin da ranai ka so mana. Wa ka sani?"

Maniru bai yi masa tsawa ba, kuma gaskiya ita ce ya juya maganar a ransa. Ya san kamannin awo mai kyau, yana iya ƙaga shi daga zaune. Amma ya kuma san za a jera lissafinsa da na sauran tashoshi, kuma ranar da rana ta yi wani motsi duk allurorin duniya za su girgiza tare, tasa kaɗai za a gani kwance lafiya a takarda. Tsoron kamu ne ya hana shi ko tsoron Allah, shi ma bai tantance ba. Ranakun awo kuwa suna ta matsowa, da tsayuwar wata za a fara. Ya ce zai je gaida kakarsa, ya kulle ɗakin kwano, ya ɗauki akwatinsa ya shiga motar Shagari.

Kande ta tsufa, bakinta bai tsufa ba. Tana ganinsa ta ce, "Lale da maigidana! Shekara guda a Badun, ba zane ba goro, sai akwatin da ba a buɗewa. Ni dai na yi rashin sa'ar miji." Tsakanin kaka da jika wasa ne, kuma ita kaɗai ce a duniya Maniru ke iya gaya wa magana kai tsaye. Ya zauna ya gaya mata duka. Ta saurara tana kaɗi, ba ta katse shi ba.

"Ummaru ke nan," in ji ta. "Tun shina yaro in an aike shi gishiri, kanwa shika sawowa, wai ya ga ta hi girma."

Ta ba shi wata rudu da ba komai ciki a bayan gida. Aka kife turmi ya zama ginshiƙi. Ƙarfe kam babu, amma iska tana ratsa kara ta kaɗa zaren, akuya ta zo ta soshe jikinta da bango, mata su fara daka ƙasa ta ɗauki rawa. Kande ta hana daka a gidan, har ta aika wa maƙwabta, aka yi ta gunaguni. Duk da haka allura ba ta natsu ba. Ko da ma ta natsu, Maniru ya san yaudarar kansa yake yi, domin ginshiƙin da aka auna yana can Boɗinga a ƙarƙashin kwano.

Ranar kasuwar Shagari Malam Mode ya zo kamar yadda ya saba, ya biya gaida mahaifiyarsa. Ya zaga baya zai ɗaure jaki, sai ya hangi ɗansa ta tsakanin kara, durƙushe cikin rudu, ɓawon albasa a hularsa, yana leƙen bututu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo tsakar gida ya zauna gaban Kande, a inda murya ke kaiwa bayan ɗaki.

"Inna, baƙon naki mi shika yi cikin rudu? Ɗakin da anka gina bai gamshe shi ba? In ƙanƙane na, a ƙara."

"Mode, ɗaki ya yi kyau, kowa ya hwaɗi. Amma abin aikinai, ƙarhe ka ruɗa shi. Kwanon ga naka shi ka jan allurar, ba ta ganin abin da anka aiko ta gani. Da yac ce ciyawa, ciyawa shika nuhi, ba alkunya yay yi maka ba. In ba a yi awon ga bisa dutsen can ba, wani za a kai Ingila, ba shi ba."

"Mi as sa bai hwaɗi ba?"

"Ga wa? Ga katanga, ko ga jakinka?"

Malam Mode ya ƙura wa ƙasa ido. Can ya ce, "Ko ƙusa?"

"Ko ƙusa guda."

Ya tashi. Bai taɓa furar da aka dama masa ba, bai kuma shiga kasuwa ba, ya kwance jakinsa ya kama hanyar gida.

Maniru ya ji komai daga cikin rudu, kunya ta rufe shi. Ya yi wa Kande fushi, ta ce in ya gama fushin ga tuwo nan. Ya ƙara 'yan kwanaki a Shagari don ya rasa da wane ido zai shiga Boɗinga. Daga baya ya yanke shawara zai koma ya kwashe kayansa, ya sanar da Baturen cewa tashar ba ta yiwu ba, laifinsa ne, a ba wani kujerar. A ganinsa ya gwammace ya rasa Ingila da a yi dariyar ubansa.

Ya makara. Tun daga hanya ya lura rabin tudun ba ya walƙiya. Da ya matso sai ya ga ubansa a kan tsani, shi da kansa, mutum da furfurarsa, yana zare ƙusoshi da awartaki ɗaya bayan ɗaya. Bai kira kafinta ba, bai kuma jira ƙafa ta ɗauke ba, da rana tsaka yake yi, masu wucewa suna tsayawa kallo. Mutanenmu kuwa ba sa rasa bayani. Wasu suka ce kanti ne ya aiko a mayar masa da kayansa. Wasu suka ce ɗan boko ne ya raina ginin ubansa. Wasu suka ce aljanun tudun ne ba sa son ƙarar kwano. A kasuwa aka fara ce masa Mode mai kwano, ana ƙunshe dariya. Bai gyara wa kowa zance ba, domin gyarawar tana nufin ya yi maganar ɗansa a gaban jama'a. Wannan ne ya fi ƙona ran Maniru, ga shi ba damar ya riƙe masa ko tsani.

Ummaru ya zo ya tsaya a gindin tsanin yana jimami. Da ya gama jimamin sai ya ce tun da dai an riga an cire, rumfarsa tana yoyo da damina. Malam Mode ya dube shi sau ɗaya daga sama. Da yamma ya sa aka kwashi kwanon aka kai masallacin unguwa.

Hasiya ma ta fito gonar, ita da ba ta cika fita ba. Ta zauna a cikin kangon da rariya tana tankaɗe ƙasar ɗakin saboda ƙusoshin da suka faɗi. Da ta ji tafiyar ɗanta sai ta juya baya ta ci gaba da aikinta. Maniru yana da wani guntun maganaɗisu a kayansa, ya ajiye shi a ƙasa kusa da ita, ya wuce. Washegari ya same shi a gefen hanya a kan wani dutse, ƙusoshi da ɓarɓashin ƙarfe sun lulluɓe shi.

Aka cire ƙofar ƙarfe da sandunan taga. Aka yi jinka da ciyawa, aka sa ƙyauren itace aka ɗaure da igiyar rama. Ɗakin ya koma kamar kowane ɗaki a karkara, ba mai tsayawa kallonsa.

Ranar farko ta awo, da hantsi, Maniru ya zuba bel da makullai da wuƙar fensir a ƙwarya, ya ajiye a kan dutsen nan na gefen hanya, ya shiga. Ya ɗora na'ura a kan ginshiƙi, ya saki allura, ya jira. Ta yi lilo, ta yi lilo, tana ragewa, har ta tsaya kusa da inda Baturen ya same ta da kaka. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗauki fensir zai rubuta, sai ya ga ta ɗan gusa. Ya sake leƙawa. Ta ƙara gusawa, a hankali, zuwa wajen ƙofa.

Ya ɗaga kai. Ubansa ne tsaye a bakin ƙofa, ya zo duba ko jinka ta zauna, idonsa a sama. A damtsensa akwai wuƙar da ba ya rabuwa da ita, a ƙugunsa tarin makullai, a hannunsa sanda mai ƙarfe a gindi. Maniru ya gane ƙarfen da ke jikin uban ne ke jan allurar. Ba a taɓa yin ranar da ubansa ya zo kusa da shi haka ba, kuma ba shi da bakin da zai ce masa ya matsa. Ya mayar da idonsa kan bututu, ya ajiye fensir, ya zauna yana kallon allura tana karkace.

Malam Mode ya lura fensir ya kwanta. Ya dubi ɗansa ta gefen ido, ya dubi na'urar, sannan ya waiwaya ya hangi ƙwaryar nan a kan dutse da abin da ke cikinta. Ya juya ya tafi. Maniru ya ga allura tana komawa wurinta, amma bai ji daɗi ba, domin ya ɗauka tafiyar ke nan.

A wurin dutsen Malam Mode ya tsaya. Ya jingine sanda. Ya zare wuƙar daga damtsensa ya sa a ƙwarya, ya kwance makullai ya sa. Ya lalube aljihu ya fitar da matsefatar cire ƙaya, ya cire zoben ƙarfen da ke yatsansa, sai da ya sha wuya kafin ya fita. Ya kakkaɓe rigarsa, ya sake lalubawa. Sannan ya dawo, ya tuɓe takalma, ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya zauna a ƙasa jikin bango ya tanƙwashe ƙafa.

Ɗakin ƙarami ne, in ɗayansu ya miƙa hannu zai taɓa ɗaya. Maniru ya leƙa bututu. Allura tana nan daram, ya karanta ya rubuta. Ba ka jin komai sai kukan kurciya a waje.

"Ta tsaya?" in ji Malam Mode.

Maniru ya waiwaya wajen ƙofa don ya ga wa ake tambaya. Ba Ummaru, ba Kande, jaki ma yana can nesa a gindin gawo. Uban kuma ba katanga yake kallo ba.

"Ta tsaya, Baba," in ji shi.